Kofin Bayan Taga

A bayan ɗakin shayi na masaƙar akwai wata 'yar taga. A gefen tagar an kafa ƙusa, a jikin ƙusar kuma ana rataye wani gwangwanin madara da aka yi wa mariƙi da waya. Babu ma'aikacin da bai san na waye ba. Na 'yan bayan gari ne, masu yashe kwata da kwashe masai, waɗanda suka gaji aikin daga iyaye da kakanni, aka kuma ce bakinsu ba ya taɓa abin da bakin sauran mutane zai taɓa. Wa ya ce? Oho. Duk wanda ka tambaya sai ya ɗaga kafaɗa ya ce maka haka ya tarar. A da suna da yawa a masaƙar, amma tsufa da mutuwa suka yi ta ɗauka ɗai-ɗai, har ya rage saura wani tsoho siriri da ake kira Baba Kwata.

'Yarsa ma a masaƙar take aiki, amma a ciki, a kan injin saƙa. Barkono ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai yi mata ƙazafi ba. Tsohon ya sa ta makaranta da gumin shebur, ta fito da takarda, aka ɗauke ta aiki. Ranar da ta fara, da aka busa jiniyar hutu, ta bi sahun abokan aikinta zuwa ɗakin shayi tana karkaɗe ƙurar auduga daga ɗankwali. Inna Mai Shayi ta dube ta, ta gane fuskar uban a fuskar 'yar, sai ta rage murya ta ce, "'Yar nan, zagaya ta baya." Barkono ba ta zagaya ba. Ta juya ta koma kan injinta, kuma tun daga ranar ba ta sake sa shayin masaƙar a bakinta ba.

Shekaru ta yi tana faɗa a kan kofin nan. Ta shiga ƙungiyar ma'aikata, babu taron da ba ta ɗaga hannu ba. Mazan kwamitin sukan yi tsaki su ce, "Muna maganar albashi kina kawo mana maganar kofi." Ita kuwa takan ce wanda ba a yarda ya sha ruwa da ku ba, da wane baki zai nemi haƙƙi tare da ku? Aka kira ta mara kunya, aka kira ta mai neman suna, har aka ce ta manta daga inda ta fito, alhali abin da ke hana ta barci ke nan. Sai da aka zo yajin aiki, kwamiti ya ga matan sashen saƙa ba sa motsi sai da cewarta, sannan aka tuna kofi ma magana ce. Da aka sasanta, Manaja ya tara ma'aikata a farfajiya ya ce daga yau ɗakin shayi na kowa ne, kofuna na kowa ne, babu sauran taga.

Abin da ya ƙara mata zumuɗi shi ne ƙarshen watan nan tsohon zai yi ritaya. Buri ɗaya gare ta: kafin ya fita daga ƙofar masaƙar fitar ƙarshe, ta gan shi zaune a kan benci a cikin ɗakin shayi, da kofin tangaran a hannunsa kamar kowa. Ba ta nemi fiye da haka ba, kuma ba za ta yarda da ƙasa da haka ba.

Ranar sanarwar ko gama tafi ba a yi ba ta ari filaya wurin makaniki, ta zagaya bayan ɗakin shayi, matan sashenta na biye da ita. Ƙusar ta yi tsatsa, ta kama bango da kyau, sai da ta sa ƙafa ta dafe sannan ta fito. Ta ɗaga gwangwanin sama kowa ya gani, ta wurga shi cikin kwata. Mata suka yi shewa. Ranar Barkono ta koma gida tana jin kanta sakayau.

Bayan kwana biyu ta biyo ta bayan ɗakin shayin lokacin hutu, don ta ga gurbin ƙusar ta ji daɗi. Sai ga tsohon a tsugune a ƙarƙashin taga, takalmin robarsa a gefe, baronsa jingine da bango. Ya miƙa hannu can ƙasa, nesa da jikinsa, Inna kuma ta leƙo ta taga ta ɗaga buta sama tana tsiyayo shayi daga nesa, yadda bakin butar ba zai kusanci abin da ke hannunsa ba. Abin da ke hannun nasa kuwa gwangwanin nan ne, an goge shi har yana ƙyalli.

"Ƙara madara mana, uwar ɗakina," in ji tsohon. "Ko saniyar taku ma ta shiga yajin aiki ne?"

"Kai dai tsohon nan ba ka ƙoshi," in ji Inna tana dariya, ta ƙara masa.

"Baba!"

Inna ta ja kanta ciki da sauri. Tsohon ya ɗago, ya dubi 'yarsa, ya hura shayinsa a hankali.

"Baba, ina ka samo wannan abin? Ba ni na jefar da shi ba?"

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "kin jefa abu a kwata, kin manta wa ke yashe kwatar?"

Da a wani wuri ne da ta yi dariya. Nan kuwa ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta juya ta koma kan injinta, ranar zare ya yi ta tsinke mata har mai duba aiki ya yi magana.

Da yamma a gida ta same shi a tsakar gida yana wanke ƙafafu da sabulu, kamar yadda ya saba kullum kafin ya taka ɗaki. Su biyu ne a gidan tun da mahaifiyarta ta rasu. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna gabansa.

"Baba, so kake ka kunyata ni? Shekara nawa ina cin zagi a kan maganar nan? An buɗe ƙofa, kai kuma ka koma taga."

"Ni ban hana kowa shiga ba. Ki shiga ki sha, Allah ya yi albarka."

"Ba don kaina na yi ba."

"To ni me gwangwanina ya yi mini? Shayin ai ɗaya ne, buta ɗaya ce. Na taga ma ya fi madara."

"Ba ɗaya ba ne, Baba, kuma ka sani."

Ya ci gaba da cuɗa diddige. Can ya ce, "Uwata, ke kin yi makaranta, kin ji Manaja ya yi magana kin ce magana ta ƙare. Ni kuma na san mutanen nan tun kafin a haife ki. Ba mugaye ba ne. Matar nan da kike harara, lokacin jinyar uwarki kullum sai ta cika mini gwangwani sau biyu, ba ta taɓa gorantawa ba. Me zai sa in je in sa ta a tsaka mai wuya a ƙarshen zamana?"

"Tsaka mai wuya? Don ka sha shayi a zaune?"

Muryarta ta karye a nan. Barkono da ke tsayawa gaban Manaja ido cikin ido, sai ga ta tana kuka kamar yarinya, tana share hanci da gefen zani. Ta ce masa tun tana ƙarama take ganin sa a tsugune. A tsugune yake gaisuwa, a tsugune yake karɓar albashi, a tsugune yake shan shayi. Ta ce so take ta gan shi a zaune sau ɗaya tak, ta sami abin da za ta riƙa tunawa.

Tsohon ba ya iya jure kukanta, tun tana goye haka yake. Ya zubar da ruwan sabulun, ya ɗauraye hannu.

"Shi ke nan, share hawayenki. Ranar sallamata zan shiga. Sau ɗaya."

Ta sayo masa farar riga da sabuwar hula. Ranar sallamar ya yi wanka har sau biyu, ya yanke farce, ya tsaya yana shinshina hannuwansa sai da ta ce masa wallahi babu abin da ke tashi sai ƙanshin sabulu. Da aka busa jiniyar hutu ta je ta kamo hannunsa daga wajen famfo, inda ya laɓe yana ta gyara zaman hula.

Ɗakin shayi ya cika maƙil. Dogayen benci ne a jere, da tebura masu shimfiɗar leda, da fanka guda da ke juyawa tana ƙara. Tsohon ya yi shekaru yana leƙen ɗakin nan ta taga, amma bai taɓa ganin sa ta ƙofa ba. A bakin ƙofar ya tsaya ya sunkuya zai cire takalmi.

"Ba a cirewa, Baba," ta raɗa masa.

"Ai na ga ƙasan a goge."

"Ba a cirewa."

Ya shiga yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe. Hira ta ɗauke. Wani dattijon makaniki ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya miƙe ya fita, mutum biyu suka bi bayansa. Barkono ta gan su, ta haɗiye abin da ya zo mata baki, don yau ba ranar faɗa ba ce. Matan sashenta suka matsa suka ba shi wuri. Ya zauna a can ƙarshen benci, rabin jikinsa a iska, hannuwansa a kan gwiwa. Ya cire hular ya ajiye a gefe, don bai saba zama gaban manya da hula a kai ba.

Manaja ya yi jawabi. Ya ce Baba ginshiƙi ne, ya ce masaƙa ba za ta manta da shi ba, ya ce yau an buɗe sabon babi. Ya so ya ambaci sunan tsohon na gaskiya, ya laluba bai samu ba, sai ya yi tari ya wuce. Aka tafa.

Sannan Inna ta fito da tiren kofuna. Fararen tangaran ne masu zanen shuɗi a baki. Ta ajiye tiren a gabansa, idonta a ƙasa.

"Bismilla, tsoho. Zaɓi."

Ya daɗe yana dubawa. Ya sunkuyo da kai yana bin su ɗaya bayan ɗaya da ido, bai taɓa ko guda ba. Barkono ta ji daɗin wannan ƙwarai, ta ce a ranta bari ya more, bari ya zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, ai ya jira. Daga ƙarshe ya miƙa yatsu biyu can gefen tire ya ɗauko wani mai giɓi a baki, da siririyar tsaga da ta gangara har kusa da mariƙi.

"Haba Baba," in ji Barkono, "wannan ai ya fashe. Ga masu kyau nan."

"Bar mini shi. Shi ya yi mini."

Inna ta ɗauko buta. Nan jiki ya yi abin da ya saba. Hannun tsohon ya sauka ƙasa da kansa, can wajen gwiwa, nesa da jiki. Hannun Inna kuma ya tashi sama da butar. Suka tsaya a haka, shi a ƙasa ita a sama, a gaban idon kowa, ba wanda ya lura a cikinsu da abin da yake yi. Wani ya fara dariya ya danne.

Barkono ta sa hannu ta tallafi gwiwar hannun mahaifinta, ta ɗaga a hankali. Ya turje, ta ƙara ɗagawa. Kofin ya yi ta hawa har bakinsa ya gamu da bakin buta, aka ji ɗan ƙwal. Inna ta ɗan zabura, amma ta zuba. Shayin ya sauka shiru, babu kumfar nan da yakan yi idan ya faɗo daga sama.

Tsohon ya riƙe kofin da hannu biyu, ya juya giɓin gefe, ya kurɓa.

"Yaya, Baba?" in ji wata daga cikin matan saƙa.

"Da zafi," in ji shi.

Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Shi ma ya yi murmushi, ya ƙara kurɓa, har ya ɗan gyara zama ya hau bencin sosai. Barkono ta tsaya a bayansa tana kallon ƙeyarsa mai furfura, da farar rigar, da tururin da ke tashi gaban fuskarsa. Daɗi ya cika ta har ƙirjinta na ciwo. Ta ce a ranta duk zagin da ta sha ya biya. Ta tuna mahaifiyarta, ta so a ce tana nan.

Ya shanye tas. Ya miƙe zai nemi inda zai wanke, Inna ta ce ya bari, aikinta ne. Sai ya ajiye kofin shi kaɗai a ƙarshen tebur, ya yi wa kowa godiya har da waɗanda ba su dube shi ba. Jiniya ta busa, aka watse. An ba Barkono izinin ta raka shi gida.

Sun kai ƙofar masaƙa ta lura kansa babu hula.

"Tsaya nan, Baba, na ɗauko maka."

Ta koma da sauri. Ɗakin ba kowa, sai fanka. Hular tana nan kan benci. Ta ɗauka, har ta juya, sai ta ji motsi a ɗakin girki, ta leƙa don ta yi wa Inna godiya, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka ce ta zagaya ta baya.

Inna ta ba ta baya. Ta kara bakin butar a kan harshen wuta, tana juya shi a hankali har ya yi baƙi. Da ta gama ta ajiye, ta ɗauki tsumma ta naɗe hannunta, ta kama kofin mai giɓi ta mariƙi, ta kai shi kan kwandon shara ta saki. Bai yi wata ƙara mai yawa ba. Ya rabu biyu ta inda tsagar take.

Da ta waiwayo suka haɗa ido.

"'Yar nan..." Tsumman ya faɗi daga hannunta. "Wallahi ba don ni ba ne. Kin ga waɗanda suka fita ɗazu. Sun ce in ba su ga ɓaraguzansa da idonsu ba, babu mai sake shan shayina. Ina da marayu a gida."

Barkono tana da magana a kan komai. Tana da amsar Manaja, tana da amsar kwamiti, da dattijon makanikin ne a gabanta da ta wanke shi tas. Amma matar nan kuka take yi, kukan gaske, tana cewa tsohon mutumin kirki ne, babu kamarsa a masaƙar nan. Barkono ta kawar da kai. Ta matse hular a ƙirji ta fita.

A hanyar komawa ƙofa ta tsaya wajen famfo ta wanke fuska. Ta yanke shawara ba za ta faɗa masa ba, ko yau ko gobe ko har abada. Ya shiga, ya zauna, ya sha, an tafa masa. Wannan nasa ne, ba za ta bari kowa ya ƙwace masa ba. Ta gwada murmushi sau biyu kafin ta ƙarasa.

Yana tsaye inda ta bar shi, da 'yar jakar buhu a kafaɗa wadda ya tattara tarkacensa a ciki. Ya mai da shebur da baro da takalmin roba ɗakin ajiya tun da safe. Ta ɗora masa hular, ta gyara mata zama.

"Ka yi kyau yau, Baba. Kowa sai maganarka yake."

"To, madalla."

Suka kama hanya. Rana ta ɗan karkata, masu kayan miya sun fara shimfiɗa a bakin titi. Ta yi ta zuba masa surutu, wai ya ga yadda Manaja ya rasa sunansa, wai ya ji yadda mata suka yi shewa, wai gobe sai ya yi barci har hantsi tunda babu jiniyar da za ta tashe shi. Yana ta cewa haka ne, haka ne. Da suka zo kan wata 'yar gada ya tsaya ya leƙa kwatar da ke ƙasa, ya girgiza kai don ta toshe, sannan ya dubi 'yarsa. Ya dubi gefen ɗankwalinta da ya jiƙe, ya dubi idanunta.

"Ta fasa shi ko?"

Barkono ta tsaya cak.

"Kada ki riƙe ta a rai, Uwata," in ji shi a hankali. "Butar ce ban so ba, da kin bar hannuna inda yake. Amma kofin kam ba ta yi wata asara ba. Shi ya sa kika ga na daɗe ina dubawa. Mai giɓin na ɗaukar mata, dama ya kusa ƙarewa."

Barkono ta ƙura masa ido. Ashe tun yana sunkuye kan tiren nan ya sani. Tun yana wanka sau biyu ya sani, tun ranar da ya ce mata sau ɗaya. Ya sa farar riga ya je ya zauna ya sha ne don ita ta gani.

Ya dafa kafaɗarta, ya ce su tafi kada rana ta faɗi. Suka ci gaba da tafiya, shi a gaba ita a baya. A cikin 'yar jakarsa wani abu yana ƙwal-ƙwal irin na gwangwani da kowane taku, ita kuwa ba ta tambaye shi ko mene ne ba.